Zobe biyu, jaka a cikin rami da sanda a jirgi: yadda ake karanta dokar kayan sihiri a Dungeons & Dragons

"Assalamu alaikum Malam. Wata takwas ke nan ina jan wasan Dungeons & Dragons ga abokaina huɗu, wasan nan na tebur da kowa yake riƙe da jarumi ɗaya ni kuma ina ba da labari ina yanke hukunci, da littattafan bugu na biyar na 2014. Tun da kayan sihiri suka fara shiga hannunsu gardama ta ƙi ƙarewa. Matsafinmu yana sanye da zoben kariya da alkyabbar kariya da kambun tsaro, ga sihirin sulke a kai, yanzu kuma ya tsinci zobe na biyu yana so ya ƙara. Wani yana da jakar nan mai cin kaya da yawa, abokinsa yana da ramin da ake naɗewa, sun ce za su haɗa su su tura dodon da na yi wata biyu ina shiryawa wata duniyar ba tare da faɗa ba. Ga kuma sandar da ba ta motsi, suna tambaya me zai faru in an danna ta a cikin jirgin ruwa yana tafiya. In na hana su ce na danne su, in na bari wasa ya lalace. Yaya zan yi?"

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Abin da na fara lura da shi a tambayarka shi ne abubuwa ukun da ka jero ba jinsi ɗaya ba ne, ko da yake a teburinka hayaniya ɗaya suke tayarwa. Maganar zobe da alkyabba littafi ya amsa ta filla-filla. Maganar jaka da rami ma ya amsa, sai dai amsar ba za ta yi maka daɗi ba da farko. Maganar sanda a jirgi kuwa bai ce uffan ba, nan ne hukunci ya rage a hannunka kacokan. Yawancin masu jan wasa, har da ni a shekaruna na farko, wuri ɗaya muke tuntuɓe: sai mu auna duka ukun da tambayar "wannan bai yi ƙarfi da yawa ba?" Da zarar 'yan wasa sun gane da wannan mudun kake awo, sai su daina karanta littafi su koma karanta fuskarka, daga nan amana ta fara zubewa.

Dalilin da ya sa aka rubuta dokokin haka

Tun 1974 da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan, kayan sihiri su ne ladan da 'yan wasa suka fi ɗoki a kai. A bugu na uku, wanda kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a 2000, an yi ƙoƙarin toshe kowace kafa da doka. Aka raba jikin jarumi gurbi-gurbi, na kai daban, na wuya daban, na ƙugu daban, zobba biyu kacal. Aka kuma sa wa kowane ƙarin maki sunan irinsa, galibi in biyu suka zo iri ɗaya sai dai ka ɗauki mafi girma. Tsarin yana aiki, amma lissafinsa yana cin lokaci. Bugu na biyar ya zubar da yawancin wannan. Ya rage lambobin gaba ɗaya, takobin da ya fi kowane ƙari a jerin makaman yau da kullum yana tsayawa a 3, alhali a da yana kai 5. Sannan ya kafa shinge ɗaya mai ƙarfi, wanda ni nake kira shaƙuwa.

Yawancin kaya masu ƙarfi ba sa ba da sihirinsu sai jarumi ya shaƙu da su, wato ya yi gajeren hutu na aƙalla awa ɗaya hankalinsa na kan abin, yana riƙe da shi. Ba ya shaƙuwa da fiye da uku a lokaci guda, kuma ba ya shaƙuwa da kwafi biyu na abu ɗaya. Shaƙuwar tana warwarewa in ya mutu, in wani ya shaƙu da abin, in abin ya yi nisa da shi fiye da ƙafa 100 har tsawon awa 24, ko in shi da kansa ya sake yin gajeren hutu don ya rabu da shi, sai fa in abin la'ananne ne. Ka riƙe wannan da kyau, domin rabin gardamar da ake yi kan kayan sihiri a nan take mutuwa.

Ni tsarin karatuna ba ya canzawa. Na farko rubutun abin kansa, in karanta shi a bayyane kowa yana ji, daga farkon layi zuwa ƙarshe, domin sau da yawa ɗan wasa rabin jimlar da ta yi masa daɗi kawai yake tunawa. Na biyu babin dukiya a littafin jagoran wasa, Dungeon Master's Guide, inda dokokin gama-gari suke. In biyun suka saɓa, littafin 'yan wasa ya faɗa tun a shafukansa na farko cewa doka ta musamman ita ke rinjayar ta gama-gari. Sai inda duka suka yi shiru ra'ayina yake shigowa. Jeremy Crawford, wanda ya jagoranci tsara ƙa'idojin wannan bugu, ya raba kallon doka gida uku a kundin amsoshinsa mai suna Sage Advice Compendium: abin da aka rubuta, abin da aka nufa, da abin da zai sa wasa daɗi. Kundin da kansa ya bayyana cewa maganganun da ma'aikatan kamfanin suke yi a bainar jama'a shawara ce kawai, ba hukunci ba. Don haka in ɗan wasa ya miƙo maka waya yana nuna maka wani tsohon saƙon Twitter, ka karanta da mutunci, ka amfana da shi, amma bai ɗaure ka ba.

Matsafin da ya fi ƙarfin takobi

Mu ɗauka kuzarin matsafinka 16 ne, wato yana da ƙarin 3. Sihirin sulke yana mayar da tushen makin kariyarsa, wato lambar da sai mai hari ya kai ta kafin bugunsa ya same shi, 13 a haɗa da ƙarin kuzari, ya zama 16, na tsawon awa 8. Kambun tsaro yana ƙara 2 ga wanda bai sa sulke ba kuma bai riƙe garkuwa ba. Nan mutane ke rikicewa saboda kalmar sulke da ke cikin sunan sihirin, amma suna ba doka ba ne. Sihirin ma sharaɗinsa shi ne kada mutum ya kasance sanye da sulke, kuma yana ƙarewa in ya sa. Saboda haka kambun yana aiki, 18 ke nan. Zobe ya ƙara 1, alkyabba ta ƙara 1. Dokar haɗuwar tasiri tana hana abubuwa masu suna ɗaya su taru, zobe da alkyabba kuwa sunayensu daban ne ko da aikinsu ɗaya. Jimla 20, daidai da sadaukin da ya sa cikakken sulken ƙarfe ya riƙe garkuwa. Ɗan wasanka yana kan gaskiya, kuma ka faɗa masa haka a gaban kowa.

Zobe na biyu kuwa babu hanya, ta fuska biyu ma. Kwafi ne na abin da ya riga ya shaƙu da shi, kuma gurbinsa uku sun cika da zobe da alkyabba da kambu. Ya sa shi a yatsa in yana so, ado ne kawai, ko ya ba abokin tafiya, wanda shi ya fi.

Akwai bambancin da zai yi maka amfani nan gaba: ƙari daban, hanyar lissafi daban. Ƙari yana hawa kan ƙari. Hanyoyin lissafi kuwa zaɓar ɗaya ake yi. Jarumin da ajinsa ya ba shi tasa hanyar lissafa kariya ba tare da sulke ba, ba zai haɗa ta da sihirin sulke ba. Haka safar hannun da ke mayar da ƙarfin mutum 19 da ɗamarar ƙaton tudu mai mayar da shi 21: wanda ya sa duka biyun ƙarfinsa 21 ne, ya ɓata gurbi ɗaya a banza.

Kada ka ƙwace masa komai. Ya biya farashi: ranar da ya samu sandar ƙwallon wuta, wadda ita ma sai an shaƙu da ita, dole ya sauke ɗaya daga cikin ukun nan, kuma wannan zaɓin shi ne daɗin wasan. Makin kariya kuma harin da aka saita a kansa kawai yake karewa, na makami ko na sihiri. Wutar da dodo ke fesowa jifan tsira take nema, wato jefa dayis don kauce wa cutarwa, kokawa a dokar 2014 gwajin ƙarfi ne tsakanin mutum biyu, matsafi kuma yana cikin jaruman da makin rayuwarsu ya fi ƙaranci.

Jaka a cikin rami

A nan zan daɗe, domin nan ne zuciyarka take. Jakar da littafi ya kira Bag of Holding tana ɗaukar kaya har laba 500, kusan kilo 227, ita kuwa nauyinta laba 15 ne ko me aka zuba mata. Ramin kuma wani baƙin ƙyalle ne da ake naɗewa ya koma kamar hankici, in an shimfiɗa shi a kan abu mai tauri ya zama rami mai faɗin ƙafa 6 da zurfin ƙafa 10. Rubutun kowannensu ya faɗi abu ɗaya: in aka sa ɗaya a cikin ɗaya, duka biyun sun halaka nan take, ƙofa ta buɗe zuwa sararin da ake kira Astral, duk wata halitta da ke cikin ƙafa 10 daga ƙofar ta zuƙe ta ta jefa ta wani wuri a can, sannan ƙofar ta rufe, ba ta sake buɗuwa.

Ka duba abin da babu a rubutun. Babu jifan tsira. Babu iyakar girman halitta. Wannan yana nufin baiwar nan ta manyan dodanni, ta mayar da jifan tsiran da suka faɗi ya zama nasara, ba ta da wurin shiga. In dodonka yana cikin ƙafa 10, ya tafi. Na san da ciwo, amma ina roƙonka kada ka ƙirƙiro jifan tsira a daidai lokacin da suka aiwatar da shirinsu. Sun karanta doka, sun yi dabara, sun kuma zo sun faɗa maka tun kafin ranar. Waɗannan 'yan wasa ne da ake nema.

Abin da za ka yi shi ne ka riƙe su da rubutun kamar yadda suka riƙe ka da shi. Wanda ya sa jakar a ramin da hannunsa yana cikin ƙafa 10, shi ma ya tafi tare da dodon. In sun ce za su yi amfani da sihirin hannun matsafi, wanda ke aiki daga nisan ƙafa 30, to hannun ba ya ɗaukar abin da ya wuce laba 10, jakar kuwa 15 ce. Masu lura za su juya lissafin: su ajiye jakar a buɗe, hannun ya ɗauko naɗaɗɗen ƙyallen ya saka a ciki. Wannan a karatuna ya halatta, domin rubutun sihirin ya yarda hannun ya saka abu a mazubi buɗaɗɗe, kuma ba kunna wani kayan sihiri yake yi ba. Amma ka ga yanzu aikin da ke gabansu. Sai wani ya kai jakar kusa da dodon, ko su jawo dodon kusa da jakar, ya tsaya a ƙasa, bai lura ba, kowa kuma ya ja baya a kan lokaci. Dodon da ya yi ɗaruruwan shekaru yana tara dukiya, mai fiffike, mai wayo, ba zai tsaya kallon wani hannu yana shawagi da baƙin ƙyalle zuwa bakin jaka ba. Faɗan bai ɓace ba, siffarsa ce ta canza, ya koma na yaudara da auna tazara. In suka ce jefa jakar za su yi daga nesa cikin ramin da aka shimfiɗa, rubutun sakawa ya ambata, bai yi maganar jifa ba. Ni nakan yarda, amma sai an jefa dayis an gwada saiti, domin jefa laba 15 cikin rami ana tsakiyar faɗa ba abin da za a ba mutum kyauta ba ne. Wannan hukuncina ne, ba nassin littafi ba.

In kuma suka yi nasara, ka ba su nasararsu cikakkiya, su yi murna. Sun yi asarar kaya biyu masu daraja, ga jakar da suke zuba dukiyarsu babu ita. Dodon kuma bai mutu ba. A sararin Astral ba a tsufa, ba a jin yunwa ko ƙishi, kuma akwai tafkuna masu launi da ake bi a fita zuwa wasu duniyoyin. Wata biyun da ka yi kana shiri ba su tafi a banza ba. Kana da maƙiyi mai rai, wanda ya ga fuskokinsu, kuma an raba shi da taskarsa.

Sanda a jirgi, inda littafi ya yi shiru

Sandar ƙarfe ce mai maɓalli a gefe ɗaya. In aka danna, ta kafe a inda take ko da a iska ne. Tana riƙe nauyi har laba 8,000, sama da kilo 3,600, in ya wuce haka ta mutu ta faɗi. Mai son ture ta da ƙarfi sai ya kai maki 30 a gwajin ƙarfi, sannan ya matsar da ita ƙafa 10 kawai. Abin da rubutun bai faɗa ba shi ne ta kafe dangane da me, ƙasa ko jirgin da take ciki.

A nan na taɓa yin kuskuren da ya koya mini abu. Wani dare muna wasa, jaruman suna ɓoye a cikin jirgin 'yan fashin teku, ɗaya daga cikin 'yan wasan ya ɗago takardarsa ya ce zai danna sandar a ɗakin ƙasa, jirgin ya zo ya farke kansa a jikinta. Dare ya yi, shayi ya huce a kofuna, kowa ya zuba mini ido, dabarar kuma ta burge ni. Na ce to, ta huda katako, ruwa ya shigo. Daɗin daren bai misaltuwa. Amma a zama uku da suka biyo baya sandar ta zama amsar komai: keken doki, ƙofar gari, har bakin dabbar da ta kawo hari. Da na koma na karanta a natse sai na ga amsar tana cikin rubutun tun farko. Sandar ba ta da makin ɓarna ko ɗaya, kuma tana da iyakar nauyi. Jirgin ruwa mai tafiya ya ninka laba 8,000 nesa ba kusa ba. Na tara su kafin mu fara zama na gaba, na ce hukuncin daren nan ya tsaya a tarihin labarinmu, ba zan janye shi ba, amma daga yau ga yadda sandar take: tana kafewa dangane da ƙasa, jirgi ya ci gaba, bango ya same ta, katako ɗaya ko biyu su tsage, ita kuma ta mutu ta faɗi. Ba wanda ya yi fushi, saboda daga rubutun na ciro dalilin kuma ban yi shi a tsakiyar faɗa ba.

Wani mai jan wasa zai ce tana kafewa dangane da jirgin, ta zama abin rataya ko sakatar ƙofa a cikinsa. Wannan ma karatu ne mai kyau, ba zan ce ya yi kuskure ba. Gwajin da nake yi kafin in zaɓa shi ne in tambayi teburin: in maƙiyi ya yi muku wannan dabarar gobe a jirginku, kun yarda? In suka yi shiru suna kallon juna, na san hukuncin ya yi nauyi. In suka ce sun yarda, sai in rubuta shi a littafin hukunce-hukuncen teburinmu, da kwanan wata, ya hau kan kowa har da ni.

Wata 'yar matsala da za ta same ka in dodon ya ja su zuwa wata duniyar: kaya da yawa da asuba suke sake cika, kamar sandar kibiyoyin sihiri mai caji 7. In wurin babu asuba fa? Littafin Xanathar's Guide to Everything na 2017 ya ce mai jan wasa ya zaɓi wani lokaci ɗaya a kowace awa 24. Ka zaɓa tun kafin su isa.

Duk abin da na faɗa a kan dokokin 2014 yake, su ne kuma na fi daɗewa ina ja da su. Ka tabbata kowa a teburinka littafi ɗaya yake karantawa, domin gyararren bugun 2024 ya taɓa wasu daga cikin waɗannan wuraren, kuma wanda ya binciko abu a intanet ba lalle ya lura da wanne ya samu ba. A na 2014 shan ruwan magani yana cinye aikin jarumi na wannan zagayen, a na 2024 ya koma ƙaramin aikin da ake yi gyara a kan babban. A na 2014 an faɗa ƙarara cewa baiwar saurin hannu ta jarumin da ajinsa ɓarawo ne ba ta kunna kayan sihiri, a na 2024 tana kunnawa. Jakar ma a sabon bugu laba 5 ce, wato hannun matsafi zai iya ɗaukarta kai tsaye.

Kafin zamanku na gaba, ka kwafe rubutun kowane kayan sihiri da ke hannunsu a kan kati, kowa ya ajiye nasa a gabansa, ka sa alama a kan ukun da ya shaƙu da su. Ka gaya wa masu jaka da rami cewa shirinsu yana aiki yadda littafi ya faɗa, ka karanta musu layin ƙafa 10 da na laba 10 su ji da kunnensu. Sannan ka koma ka zana kogon dodon a takarda mai layin murabba'i, ka sa masa wurin da yake kwanciya a saman dutse, da tazarar da ke tsakanin nan da ƙofar da za su shigo.